Ribar Anini

A da, anini goma ne kwabo, kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam guda. Wato sai ka tara anini 2,400 kafin ka ce kana da fam ɗaya. Kuɗi ne na cefanen talaka, na gishiri da daddawa da ɓarin goro. Turawa sun fara buga shi a 1907 da alminiyam, abin da ya sa ake lissafa shi cikin sulallan farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe. Bai jure danshi da gumin hannu ba, sai a 1908 aka koma garwin tagulla da nikel. Yana da huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida a baya, an kuma rubuta darajarsa da haruffan Larabci saboda waɗanda za su riƙe shi.

Yau idan kana neman anini mai kyau, wanda rubutunsa bai goge ba, ka fi saurin samunsa a gwanjon intanet fiye da Kasuwar Kurmi. Yawancinsu daga Ingila suke fitowa. Tsoho ya mutu, jikoki suna kwashe kayan gida, sai su tarar da gwangwanin biskit cike da sulallan ƙasashen da kakansu ya yi aikin jirgin ƙasa ko na soja ko na kanti. Su ɗauki hoto ɗaya da waya, su sa a eBay, su ce a taya.

Ni ina cikin masu tayawa. Aikina na yau da kullum rubuta manhaja ne, shi ke ciyar da gidana, amma shekara huɗu ke nan ina sayen tsofaffin kuɗi da kan sarki na zamanin Turawa, in ware su, in sake sayarwa. Wani abokina da ke zaune a Landan yake karɓar kayan, shi yake aikawa ga wanda ya saya, ina ba shi la'adarsa. Ana samun riba, ba kullum ba, kuma ba wadda za ta gina gida ba, amma tun da darajar naira ta zube a 2023, fam ashirin ma ba abin rainawa ba ne.

Ribar daga wuri uku take fitowa, kuma ukun ba hukuncinsu ɗaya ba a wurina.

Na farko sani. Sulallan nan ba a gidan buga kuɗi ɗaya aka yi su ba. Wanda ba shi da harafi na gidan sarauta ne na Landan. Mai ɗan ƙaramin H na kamfanin Heaton ne a Birmingham, mai KN na King's Norton. Harafin bai kai ƙwayar gero ba, amma yakan raba sulallan da ake auna su da kwano da wanda masu tarawa ke nema ido rufe. Akwai kuma na kuskure, kamar kwabon 1936 da aka haɗa bayansa da fuskar kuɗin Gabashin Afirka. Jikan da ya tsinci gwangwani bai san wannan ba. Ni na sani, domin na ɓata dare da yawa a kan littattafan lissafin sulalla, ina faɗaɗa hotuna har idona ya yi ja.

Na biyu lokaci. Tsarin eBay, wanda Pierre Omidyar ya kafa a 1995, shi ne ka rubuta ƙarshen abin da za ka iya biya, na'ura ta riƙa ƙara maka tayi kaɗan-kaɗan a madadinka. Idan ka ci, ba ƙarshen tayinka za ka biya ba, sai ɗan abin da ya ɗara tayin wanda ke biye da kai. Kuma gwanjon yana da lokacin rufewa wanda ba ya motsi. Saboda haka masu wayo ba sa tayawa da wuri, sai ana saura daƙiƙa biyar ko shida, yadda ba wanda zai samu sukunin mayar da martani. Ni ma haka nake yi, sai dai ba da yatsa ba. Manhaja ce ke zaune tana jira, ko da ƙarfe uku na dare ne ina barci.

Na uku kuskuren mai kaya. Wani ya rubuta sunan Nijeriya da Turanci ya tsallake harafi, wani ya sa sulalla a rukunin maɓallan riga, wani ya rubuta "tsofaffin kuɗin Larabawa" saboda ya ga rubutun Larabci a jiki. Duk mai nema da sunan gaskiya ba zai ga kayan ba. Akwai shafuka da aikinsu ke nan, neman irin waɗannan kurakurai, kuma duk wanda ya yi shekara ɗaya a ajin kwamfuta zai iya rubuta nasa cikin yammaci guda: ka ɗauki kalma, ka cire mata harafi, ka juya biyu, ka ninka ɗaya, ka aika duka a nemo.

Kawuna, wanda ya tsufa a Kantin Kwari, bai ga abin tattaunawa a nan ba. Da na yi masa bayani cewa ya yi, "Kai yaro, ka taɓa ganin wanda ya je sari ya ce wa mai kaya nawa zai sayar? Ya sa a kasuwa, ka taya, ya sallama. Ina laifin?" Yayata kuwa, malamar makaranta ce, tambaya ɗaya ta yi min: "Da ya san abin da ka sani, zai sallama maka a haka?" Na ce a'a, Yaya. Ta ce to.

Tambayar Yaya tana da nauyi, amma idan aka bi ta har ƙarshe ba ciniki ɗaya da zai tsira. Mai sayen gyaɗa a ƙauye ya san farashin Dawanau fiye da manomi. Makanikin da ya sayi mataccen inji ya san abin da ya kashe shi bai fi ƙaramin gyara ba. Duk fatauci a kan wannan tazarar yake tsaye, tsakanin abin da kaya ke yi a nan da abin da zai yi a can, a hannun wanda ya san can ɗin. Idan an hana mutum cin amfanin saninsa, ba wanda zai wahala ya koya, kuma kwabon nan na kuskure zai ƙare a kwandon tsofaffin ƙarafa a narka shi. Ita ma maganar Kawu ba ta rufe ƙofa ba, domin "ya sallama" ba ta wanke kowane ciniki. Yaro ma yana sallamawa, wanda aka yi wa ƙarya ma yana sallamawa.

Gardamar ta girme mu duka. Sisero, ɗan siyasar Rum, ya kawo ta a littafinsa na ƙarshe kan haƙƙoƙin da ke wuyan mutum, shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa. Misalinsa ɗan kasuwa ne da ya kawo hatsi daga Iskandariyya zuwa tsibirin Rodos ana cikin yunwa, ya kuma san akwai jirage da yawa a bayansa ɗauke da hatsi. Ya faɗa, farashi ya faɗi, ko ya yi shiru ya sayar da tsada? Ya ƙara da wani misalin da ya fi kama da nawa: mutumin da ke sayar da zinariya yana zaton tagulla ce. Sisero ya tsaya a kan cewa mutumin kirki zai faɗa. Amma ya kawo hujjar ɗaya ɓangaren da adalci, cewa yin shiru daban, ɓoyewa daban, kuma ba kowane abin da zai amfani wani ne ya zama dole ka gaya masa ba.

Abin da ya fi taimaka min, duk da haka, a karatun zaure na same shi, a babin ciniki. Gwanjo kansa halal ne, a ƙara a kan tayin wani kafin a sallama ba laifi. Abin da aka hana shi ne najashi, wato mutum ya taya ba don zai saya ba, sai don ya hau da farashi a cuci na gaske. An kuma hana taryen ayari: ka fita bayan gari ka tare fatake kafin su shigo kasuwa, ka saye kayansu ba su san farashin gari ba. Hadisi ya ba mai kayan zaɓi idan ya iso kasuwa ya ga yadda ake ciki. Malamai sun saɓa a kan wa ake karewa da wannan hani. Shafi'i ya ce mai kayan ne, kada a yi masa wayo. Malik ya fi kallon mutanen kasuwa, kada mutum ɗaya ya kwashe arahar da ta kamata kowa ya samu damar tayawa.

Da wannan ma'auni hanyoyin nan uku suka rabu a idona.

Wanda ya sa kayansa daidai, da suna daidai, a rukuni daidai, ya shigo kasuwa. Kwana bakwai kayan suna baje, duk mai tarawa daga Sidni zuwa Toronto yana iya gani. Idan ni kaɗai na lura da harafin H, ko na fi kowa ƙarfin tayi, ban tare kowa a hanya ba. Wannan ribar ina cinta ba tare da wani ɗar ba.

Tayin daƙiƙar ƙarshe ma ba ya damuna, ko da yake shi ya fi ba mutane haushi. Alvin Roth da Axel Ockenfels sun yi nazari a 2002, suka kwatanta eBay da gwanjon Amazon na lokacin, wanda ba ya rufewa sai an yi minti goma ba sabon tayi. Suka ga jinkirin tayi ya fi yawa nesa ba kusa ba a inda lokacin rufewa ba ya motsi. Ma'ana, tsarin ne ya haifi ɗabi'ar. Wanda ya rubuta ƙarshen abin da zai iya biya tun farko, ba abin da manhajata za ta yi masa: in nasa ya fi nawa, shi zai ci. Bayan haka jinkirin garkuwa ne daga najashi, wanda intanet ta sauƙaƙa ƙwarai, tunda mutum ɗaya yana iya buɗe asusu goma. A shekarar 2000 wani lauya a Kalifoniya, Kenneth Walton, ya sa zanen jabu a gwanjo, shi da abokansa suka riƙa tayawa da sunaye daban-daban har farashi ya haura dala 135,000, kafin asiri ya tonu a kai su kotu. Mai irin wannan aiki yana buƙatar ya ga tayinka da wuri domin ya san inda zai tura ka. In ka zo a daƙiƙa ta shida daga ƙarshe, ka hana shi.

Na ukun ne taryen ayari tsantsa. Kayan da aka rubuta sunansu ba daidai ba, ba su shigo kasuwa ba. Suna can bayan gari, kuma manhajar neman kuskure ita ce mutumin da ya fita da asuba ya tsaya a bakin hanya. Ta fuskar Shafi'i an cuci mai kaya, ta fuskar Malik an cuci sauran masu tayawa. Saboda haka tun ranar da na rubuta wannan ɓangare ban haɗa shi da mai tayawa ba. Abin da ya tsinto yana zuwa wani jeri daban, ni kuma in aika wa mai kayan saƙo: ka yi kuskure a suna, masu nema ba za su gan ka ba, gyara. Wasu su gyara su yi godiya, farashi ya hau, wani lokaci ya fi ƙarfina. Wasu ba sa ko buɗe saƙon. Idan gwanjo ya zo ƙarshe ba a gyara ba, ina tayawa, domin na san ba ni kaɗai ke da irin wannan manhaja ba, kuma janyewata ba za ta ƙara wa mai kayan ko anini ba, sai ma ta rage masa mai tayi ɗaya. Abokan aikina suna yi min dariya a kan saƙon. Ɗaya ya ce na rubuta ɓarawo sannan na ɗaura masa ƙararrawa a wuya.

Akwai wani hali da ya fi wannan tsanani, shi ne idan mai kaya ya tambaye ka. Yakan faru: ka sayi abu ɗaya, sai ya rubuto ya ce akwai sauran gwangwanin, shi bai san kansu ba, nawa kake ganin ya dace? A fiƙihun Malikiyya, tazarar farashi kaɗai ba ta cika warware ciniki tsakanin baligai masu hankali ba. Amma wanda ya miƙa maka wuya, ya ce sayar min ko saya daga gare ni yadda ake yi da mutane, hukuncinsa daban ne, cutarsa haramun ce. Daga lokacin da aka tambaye ka, saninka ya zama amana. A nan ba ni da wata dabara: ina faɗin abin da nake zaton za su yi a kasuwa, in faɗi abin da zan iya biya, wanda dole ya gaza haka tunda ni ma riba nake nema, in bar shi ya zaɓa.

Shari'ar da ta fi nuna girman wannan magana a Faransa aka yi ta. A 2021 wasu tsofaffi, miji da mata, suna kwashe kayan wani gidansu a kudancin ƙasar, suka sayar wa dillalin tsofaffin kaya wata fuskar katako a kan yuro 150. A watan Maris na 2022 aka yi gwanjonta a Montpellier a kan yuro miliyan 4.2. Ashe fuskar Ngil ce ta mutanen Fang na Gabon, irin wadda kaɗan suka rage a duniya. Tsofaffin suka kai ƙara. Dillalin ya taɓa yi musu tayin yuro 300,000, magana ba ta daidaita ba. A Disambar 2023 kotun Alès ta kori ƙararsu, ta ce su ne suka yi sakaci, ba su nemi sanin darajar abin da ke hannunsu ba kafin su sayar.

Mutane da yawa sun tsaya a kan wa ya fi gaskiya tsakanin dillali da tsofaffi. Ni abin da ya tsaya min shi ne mai ƙara na uku. Gwamnatin Gabon ta shiga shari'ar tana neman a dawo mata da fuskar, domin kakan mijin, René-Victor Fournier, gwamnan mulkin mallaka ne, shi ya taho da ita wajen 1917. Kotu ta kori wannan buƙatar ita ma. Wato Turawa biyu suna jayayya a kan wa ya cuci wa, alhali waɗanda suka sassaƙa abin suna tsaye a bakin ƙofa.

Wannan ya shafe ni kai tsaye, domin manhajar da ke neman anini tana jawo wasu abubuwan. Tana jawo kawunan yumɓu da aka ce na Nok ne, wasu jabu, wasu Allah kaɗai ya san ramin da aka tono su a kudancin Kaduna. Dokar Nijeriya ta 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta hana fitar da kayan tarihi ba izini, kuma tun 2000 kayan Nok suna cikin jerin ja na Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya. Waɗannan ba na ko tsayawa a kansu. Sulalla daban ne: miliyoyi aka buga a Ingila, an yi su ne don su yi yawo daga hannu zuwa hannu, wanda ya tafi da su a aljihu bai saci komai ba. (Yadda aka tilasta wa kakanninmu barin wuri su nemi waɗannan sulalla don biyan haraji, wannan wani zance ne, kuma ba jikan mai gwangwani zan tuhuma da shi ba.)

Abin da ke hana ni barci shi ne rubuce-rubucen hannu. Alƙur'anai na rubutun Barno da Kano, warƙa-warƙa a cikin gafaka, da littattafan fiƙihu masu sharhin ajami a gefe, suna fitowa a gwanjo a kai a kai. Kuma akwai lissafin da kowane ɗan wannan kasuwa ya sani: littafi sukutum yana da mai saye ɗaya, amma in ka raba shi warƙa ɗari uku, kana da masu saye ɗari uku, kowa ya sa tasa a gilashi ya rataye a falo. Jimillar ta ninka kuɗin littafin sau da yawa. Wani malamin zane a Cleveland ta Amurka, Otto Ege, wanda ya rasu a 1951, ya yi suna da wannan aiki a kan littattafan Turai na da, yana cewa yana kai su ga waɗanda ba za su iya sayen cikakke ba. Har yau masana suna bin ɗakunan karatu suna ƙoƙarin haɗa hotunan abin da ya wargaza. Namu sun fi sauƙin wargazawa, tunda dama ba a ɗinke suke ba, ba sai an sa wuƙa ba.

A nan mai saye da mai sayarwa duk sun san abin da suke yi, duk sun yarda, ba wanda aka tare a hanya. Ma'aunin Kawu ya wuce, na Yaya ma ya wuce, amma an lalata abin da ba zai gyaru ba. Na sha tunanin in sayi cikakke ɗaya in dawo da shi gida kafin mai rabawa ya riga ni. Abin da ke tsayar da ni shi ne, kowane tayi da na yi yana ƙara farashin da za a gani a tarihin gwanjon, kuma wannan farashin ne zai sa wani ya shiga Barno ko Zariya yana bin gidajen malamai yana tambayar magada ko akwai tsofaffin takardu. Ban sayi ko ɗaya ba. Nakan adana hotunan da bayanin mai sayarwa, in tura wa wani malamin jami'a da ke aiki a kan irin waɗannan rubuce-rubuce, ko ba komai a san sun taɓa wanzuwa a haɗe.

Saura ɓangaren sayarwa, inda nake zama mai sani a gaban wanda bai sani ba karo na biyu. Masu tarawa na Turai ba sa buƙatar kariya daga gare ni, sun fi ni sanin kaya. 'Yan uwana ne abin ji, waɗanda ke son kwabo mai huji su nuna wa 'ya'yansu irin wanda kaka take ba su labari. Misali mafi kyau shi ne kwabon Edward na Takwas. Sarkin bai cika shekara a kan gado ba, ya hau a Janairun 1936 ya sauka a Disamba don ya auri Wallis Simpson, kuma a Ingila ba a kai ga sakin kuɗi da hotonsa ba. Amma namu ba su da hoto, suna kawai ake rubutawa saboda hujin, don haka aka buga su da sunansa aka kawo. Labari ne mai daɗi, kuma duk gaskiya ne. In ka ba da shi ka yi shiru, mai saye da kansa zai kammala cewa abin ba ya samuwa, ya biya ninki biyar yana murna. Alhali miliyoyi aka buga, kuma da yawa an adana su sababbi saboda wannan labarin.

Ina ba da labarin, domin shi ne rabin abin da mutum yake saye. A ƙarƙashinsa kuma ina rubuta cewa kwabon nan ba mai wuyar samu ba ne, in faɗi ko an taɓa goge shi da magani, tunda gugar tana rage masa daraja ko da ta ƙara masa ƙyalli. Tun da nake sa wannan layin ban taɓa sayar da kwabon Edward sama da 'yan fam kaɗan ba, kuma akwai guda goma sha ɗaya a aljihun teburin abokina a Landan da suka shekara suna jiran mai saye.